Tarihin Big Boy 4014, Kan Jirgin Tururi Da Ya Tashi Bayan Shekara 60

A Amurka akwai wata al'ada da kan ba baƙo mamaki. Idan hutun ƙarshen mako ya haɗu da ranar hutun ƙasa, aka kuma ji labarin za a fito da tsohon jirgin ƙasa mai aiki da tururi, sai dubban mutane su cika motocinsu da mai, su ɗauki kyamara da tsani da guzuri, su yi ta bin jirgin daga gari zuwa gari. Kaɗan daga cikinsu ne ke yankar tikiti su shiga ciki. Sauran a gefen layin dogo suke yini, su ga wucewarsa a nan, su faɗa mota su sha gabansa, su sake tsayawa su jira shi a can. Jirgin da ya fi kowanne tara irin wannan jama'a a yau shi ne Big Boy mai lamba 4014, mallakar kamfanin Union Pacific, wanda a duk duniya babu kan jirgin tururi mai aiki da ya kai shi girma. Wanda yake son ya fahimci abin da ke fitar da mutane daga gidajensu saboda shi, sai ya ji dalilin ƙera shi, aikin da ya yi, yadda aka jingine shi, da kuma hannayen da suka sake hura masa wuta.

Layin da ya haɗa gabas da yamma

A shekarar 1862, ana tsakiyar yaƙin basasa, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a kan dokar shimfiɗa layin dogo da zai haɗa gabashin Amurka da gaɓar tekun Pasifik. Kamfanoni biyu aka ba aikin. Central Pacific ya taso daga Sacramento ta jihar Kalifoniya ya nufo gabas, kuma mafi yawan leburorinsa 'yan ƙasar Sin ne, waɗanda suka fasa duwatsun Sierra Nevada da diga da albarushi a cikin tsananin sanyi. Union Pacific kuwa ya tashi daga Omaha a bakin kogin Missouri ya nufi yamma, da 'yan ci-rani daga Ailan da tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙi.

Ranar 10 ga Mayu 1869 layukan biyu suka haɗu a Promontory, cikin yankin Utah. Aka kawo kan jirgi biyu, Jupiter daga yamma da mai lamba 119 daga gabas, suka tsaya fuska da fuska, aka yi bikin kafa ƙusar zinariya. Tafiyar da a da ake kwashe watanni ana yin ta a keken shanu ta koma ta kusan mako guda.

Wannan nasara ba kowa ta yi wa daɗi ba. Layin ya ratsa ƙasar farautar al'ummomin asali, irin su Cheyenne da Lakota da Arapaho. Ya kawo baƙi da sojoji da maharba, aka karkashe garkunan ɓauna da rayuwar mutanen ta dogara a kansu, su kuma aka tura su keɓaɓɓun yankuna. Garin Cheyenne na jihar Wyoming, inda ake ajiye Big Boy a yau, layin dogo ne ya kafa shi a 1867, kuma sunan ɗaya daga cikin al'ummomin da aka kora yake ɗauke da shi. Mai ba da tarihin jirgin ƙasa a Amurka ba shi da hurumin tsallake wannan babi.

Hawan da ya gagari jirage

Bayan shekara 70, babbar matsalar Union Pacific ita ce duwatsun Wasatch. Jirgin kaya da ya tashi daga Ogden ya nufi gabas, dole ya yi hawa na kusan kilomita 100, ya ɗaga sama da mita 700 kafin ƙasa ta miƙe masa. A wurare mafi tsanani, layin na tashi da mita 1 da ɗan ɗori a kowace mita 100. Ga mai mota wannan ba komai ba ne. Ga ƙafar ƙarfe mai santsi a kan dogo mai santsi, tana jan dubban tan, wannan hawa ne mai karya ƙarfi.

Kamfanin yana da manyan kawunan jirgi da ake kira Challenger tun 1936, amma ko su sai an ƙara musu mataimaki kafin su haye da cikakken lodi. Ƙarin kan jirgi na nufin ƙarin direba da mai hura wuta, ƙarin kwal, da ɓata lokaci wajen haɗawa da kwancewa. Sai shugaban kamfanin, William Jeffers, ya umarci injiniyoyinsa ƙarƙashin Otto Jabelmann su zana kan jirgi guda da zai ja tan 3,600 ya haye Wasatch shi kaɗai, idan kuma ya fito fili ya yi gudu.

Kamfanin American Locomotive da ke Schenectady a jihar Niyok ne ya yi ƙirar. Na farko, mai lamba 4000, ya fito a 1941. An so a sa wa jerin sunan duwatsun Wasatch, amma wani ma'aikacin masana'antar ya ɗauki alli ya rubuta Big Boy a goshinsa, wato ƙaton yaro, sunan kuma ya bi shi har yau. An ƙera 20 a rukunin farko, aka ƙara 5 a 1944, jimilla 25. Kowanne a rukunin farko ya ci kusan dala 265,000. Mai lamba 4014 ya shiga hannun kamfanin a Disambar 1941, watan da Japan ta kai hari Pearl Harbor, Amurka ta faɗa Yaƙin Duniya na Biyu.

Yadda ƙaton yake aiki

Tsawonsa, idan aka haɗa da taragon da ke ɗauke da abincinsa, ya kai mita 40. Nauyinsa kusan tan 540. A gaba yana da ƙananan ƙafafu 4 masu shigar da shi kwana, sai manyan ƙafafu 8, sai wasu manyan 8, sai ƙanana 4 da ke ɗauke da murhu. Manyan nan 16 su ne masu ja, kowace tsayinta ya kai mita 1.7. A gaskiya injuna biyu ne aka ɗora wa tukunya ɗaya. Da an yi shi sandararre, da ba zai iya shan kwana ba. Saboda haka aka yi wa injin gaba gaɓa, yana karkata hagu da dama yana bin dogo, tukunyar kuma tana zamewa a kansa.

Sirrin aikin wuta ne da ruwa. A bayan tukunyar akwai murhu, wanda faɗin ƙasansa ya kai na ɗakin kwana mai ƙafa 12 kowane gefe. Zafin wutar na bi ta cikin ɗimbin bututu da ke nutse a ruwa, ruwan ya tafasa, tururi ya taru da ƙarfin matsi mai yawa. Idan direba ya ja hannun buɗe hanya, tururin ya shiga silinda 4, ya tura fistin gaba da baya, fistin ya tura manyan sandunan ƙarfe, sandunan su juya ƙafafu. Tururin da ya gama aiki yana fita ta bututun hayaƙi da ƙarfi, kuma fitarsa ce ke zuƙo iska ta cikin murhu. Wato gwargwadon wahalar da jirgin ke sha, gwargwadon yadda wutarsa ke ƙara ruruwa. Wannan fitar ita ce ƙarar da ake ji daga nesa.

Babu ɗan Adam da zai iya ciyar da irin wannan murhu da shebur. A zamanin da yake cin kwal, wani dogon ƙarfe mai murɗe ne ke janyo kwal daga tarago, tururi ya watsa shi a kan wuta. Taragon na ɗaukar tan 28 na kwal da lita kusan 90,000 na ruwa, kuma a kan hawa mai tsanani 'yan sa'o'i kaɗan suke yi su ƙare. An yi murhun da faɗi haka ne domin ya iya cin kwal maras ƙarfi na ma'adinan Wyoming, wanda kamfanin ke haƙowa da kansa a lokacin. Ƙarfinsa ya haura na doki 6,000, kuma an zana shi yadda zai jure gudun kilomita kusan 130 a sa'a, ko da yake aikinsa na kullum jan kaya ne a gudun da bai kai haka ba.

Mai hura wuta shi ne ke riƙe da ran kowa a cikin jirgin. Idonsa na kan wani gilashi da ke nuna tsayin ruwa a tukunya. Idan ruwa ya yi ƙasa har rufin murhu ya bushe, ƙarfen zai yi laushi, tukunyar ta fashe. Idan ya yi yawa, ruwa ya bi tururi cikin silinda ya yi ɓarna. A kan hawa ruwan na komawa baya, a gangara ya gudu gaba, saboda haka dole ya san hanyar tamkar direba, ya shirya wa tudu tun kafin a iso shi. Irin wannan ilimi a littafi ba ya ƙarewa. Sai an tsaya shekaru kusa da wanda ya iya.

Shekarun yaƙi da zuwan dizal

Kawunan Big Boy sun fito a daidai lokacin da ake buƙatarsu. Yaƙi ya sa kaya sun yi ta kwarara tsakanin gabas da yamma: makamai, ƙarafa, abinci, mai. Manyan kawunan nan suka yi ta kai da komowa tsakanin Ogden da Green River dare da rana. Daga baya aka mayar da yawancin aikinsu gabas, tsakanin Cheyenne da Laramie, inda layin ke hawa tudun Sherman, wuri mafi tsayi a kan hanyar, sama da mita 2,400 daga matakin teku. Ma'aikata sun yaba musu, domin duk da girmansu ba su da gardama a hannun wanda ya san aikinsa.

Abin da ya kayar da su lissafi ne. Kan jirgin tururi ba ya mayar da ko kashi 10 cikin 100 na zafin kwal ɗinsa zuwa aikin ja, sauran duk a iska yake tafiya. Yana buƙatar tankunan ruwa da rumbunan kwal a kan hanya, da masu kwashe toka, da masu wanke tukunya, da maƙera, da masu shafa mai. Kan jirgin dizal kuwa a tayar da shi ne kawai a kama hanya, kuma direba ɗaya na iya sarrafa uku ko huɗu da aka jona. Kafin shekarun 1950 su ƙare, manyan kamfanonin Amurka sun juya wa tururi baya. A Yulin 1959 Big Boy ya ja kayan haya na ƙarshe. A Disambar 1961 aka soke sunan 4014 daga rajista, bayan ya yi tafiyar mil 1,031,205, wato fiye da kilomita miliyan 1.6.

Daga cikin 25, an yanka 17 an sayar da ƙarfensu. Aka raba 8 ga garuruwa da gidajen tarihi, kuma har yau ana ganin 'yan'uwan 4014 a Cheyenne, Denver, Omaha, St. Louis, Green Bay, Scranton da Frisco ta jihar Texas. Tare da jiragen, sana'o'i masu yawa suka tafi. Mutanen da suka san gyaran tukunya suka yi ritaya, yaransu suka koyi aikin dizal. Abu ɗaya ya hana igiyar tsinkewa a Union Pacific: kamfanin bai taɓa jingine kan jirgin tururi na ƙarshe da ya saya ba, mai lamba 844, wanda ya zo a Disambar 1944. An bar shi don jan jiragen biki, kuma saboda shi aka bar wata 'yar tawaga a Cheyenne tana riƙe da sana'ar, babba na koya wa ƙarami.

Rabin ƙarni a filin baje koli

Shi 4014 kyauta aka ba da shi ga reshen kudancin Kalifoniya na wata ƙungiyar masu kishin tarihin jiragen ƙasa. A Janairun 1962 aka jawo shi zuwa filin baje koli na Pomona, gabas da Los Angeles, ya zauna a nan sama da shekara 50. Abu biyu suka cece shi. Na farko yanayin wurin, domin busasshiyar iska ba ta cin ƙarfe kamar damina da ƙanƙara. Na biyu 'yan sa-kai na ƙungiyar, waɗanda suka yi ta shafa masa mai da fenti suna toshe inda ruwa zai shiga, alhali babu wanda ya yi musu alkawarin zai sake motsi. Masana da yawa a lokacin sun ɗauka ba za a sake ganin Big Boy yana tafiya ba, saboda tsadar gyaransa da girmansa.

Da bikin cika shekara 150 da kafa ƙusar zinariya ya gabato, Union Pacific ya duba guda 8 da suka rage, ya ga na Pomona ya fi sauran lafiyar tukunya. A 2013 aka daidaita da ƙungiyar: ta mayar da 4014, kamfanin ya ba ta kan jirgin dizal da taragai biyu a madadinsa. Fitar da shi ma aiki ne, domin babu dogo da ya haɗa inda yake da babban layi. Sai aka riƙa shimfiɗa guntayen dogo a filin ajiye motoci, a ja shi ya hau, a kwashe na baya a kai gaba, a sake ja. A Janairun 2014 ya hau babban layi, ranar 8 ga Mayu kuma ya isa Cheyenne, kawunan dizal na jansa.

Aikin Cheyenne

Tawagar da ta karɓe shi 'yan mutane ne ƙalilan, ƙarƙashin Ed Dickens, wanda shi ne shugaban sashen kuma direban jirgin. Sun kwance shi ƙusa-ƙusa. Suka ɗaga tukunyar, suka zare injin gaba daga ƙarƙashinta. Suka auna kaurin ƙarfen tukunyar taki-taki da na'ura, kamar yadda dokar ƙasar ta tanada ga duk kan jirgin tururi da zai yi aiki. Manyan ƙafafun aka loda su a mota zuwa Strasburg a jihar Pennsylvania, inda wani ƙaramin kamfanin jirgin tururi ke da injunan da za su iya gyara su. Kayan gyara kuwa babu shagon da ke sayar da su. Abin da ya lalace, sai a buɗe tsofaffin zanen injiniyoyin 1941, a ƙera sabo daga ɗanyen ƙarfe.

Babban canjin da aka yi shi ne na abinci. Rumbunan kwal sun daɗe da ɓacewa daga kan hanya, kuma tartsatsin kwal na iya tayar da gobarar daji. Don haka aka mayar da murhun ya koma cin baƙin mai, aka kuma ɗauko taragon wani Challenger mai lamba 3985 aka jona masa. A Afrilun 2019 aka hura wuta a cikinsa. A farkon Mayu ya motsa da ƙarfin kansa, karo na farko cikin kusan shekara 60.

Ranar 4 ga Mayu ya bar Cheyenne tare da 844, suka bi tsohuwar hanyarsa ta Sherman da Wasatch. Ranar 9 ga wata suka tsaya fuska da fuska a Ogden, kamar yadda Jupiter da 119 suka yi. Ba a yi wannan a Promontory ba, domin tun 1904 aka karkatar da babban layi ya ratsa ta kan tafkin gishiri na Utah, a 1942 kuma aka tumɓuke tsohon dogon aka ba da ƙarfensa don yaƙi.

Asabar da Lahadi a kan hanyar Barstow

A kakar shekarar 2019 jirgin ya koma Kalifoniya don ya saka wa waɗanda suka riƙe shi. Litinin ta biyu a watan Oktoba ranar hutu ce a Amurka, kuma a ƙarshen makon da ya gabace ta, 12 da 13 ga Oktoba 2019, aka shirya tafiyar fasinja wadda amfaninta zai koma ga gidan tarihin ƙungiyar Pomona. Ranar Asabar ya tashi daga West Colton zuwa Barstow, tafiyar sama da kilomita 120, ranar Lahadi ya dawo. Tsakaninsu akwai mashigin Cajon, inda layin dogo ke kutsawa tsakanin duwatsun San Gabriel da na San Bernardino, ya hau zuwa hamadar Mojave. Hawan ya kusa ninka na Wasatch tsanani. Ta wannan mashigi aka jawo shi a 1962, ta nan aka fitar da shi a 2014, duk a sanyaye. Wannan karon da wutarsa ya zo.

Masu bin jirgi suna da tsarinsu. Tun kafin ranar sun nazarci taswira, sun san inda titi ya kusanci dogo da inda rana za ta faɗo. A Cajon akwai wurare sanannu, kamar kwanar Sullivan, wadda ta samo sunanta daga wani mai ɗaukar hoto da ya yi ta ɗaukar jiragen tururi a wurin tun shekarun 1930. Da asuba ake kama wuri. Wasu na sauraron rediyon ma'aikatan jirgi, wasu na duba taswirar da kamfanin ke nuna inda jirgin yake a intanet. Masu hoto kan jeru a layi ɗaya, kuma abin kunya ne ka zo daga baya ka tsaya a gaban wani. Idan aka jiyo usur daga nesa, kowa ya yi shiru, domin akwai masu naɗar sauti da suka yi doguwar tafiya saboda wannan ƙara kaɗai.

Hayaƙi ake fara gani a bayan dutse. Sai ƙarar fitar tururi, ta injin gaba da ta injin baya, wani lokaci su daidaita, wani lokaci su saɓa. A kan kwana ana ganin injin gaba ya karkata ya bi dogo, goshin tukunyar kuma ya leƙo waje kafin ya dawo. Ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafa, zafin murhu na dukan fuska, warin mai da tururi ya cika wurin. A bayansa akwai tankunan ruwa na ƙari, domin babu sauran tankin ruwa a tashoshi, sai kan jirgin dizal da ke taimakawa musamman wajen riƙe jirgin a gangara, sai jerin taragan fasinja masu launin rawaya, wasunsu da rufin gilashi. Cikin minti biyu an wuce. Nan take kowa ya ruga mota, babbar hanya mai lamba 15 da tsohuwar hanya ta 66 su cika maƙil, kowa na son ya riga jirgin zuwa Victorville.

Wanda ya fi kowa ganin sana'ar shi ne wanda ya jira a inda jirgin ke ɗan tsayawa. Da ya tsaya, ma'aikata ke sauka da bindigar giris mai aiki da iska, su bi gaɓoɓin sandunan ɗaya bayan ɗaya, kowace harbawa da ƙararta. Wani na taɓa ƙarfe don ya ji ko ya yi zafi fiye da kima. Idan za a tashi, direba ya buɗe ƙananan famfunan silinda, farin tururi ya feso ta gefe da gefe, don a fitar da ruwan da ya taru lokacin tsayuwa. A kan hanya kuma mai hura wuta kan zuba yashi a bakin murhu, iska ta ja shi ta cikin bututu ya kankare ƙunar da ta manne, sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama. Masu hoto na murna da wannan, amma a wajen ma'aikata, bututu mai ɗan hayaƙi kaɗan shi ne shaidar gwanin wuta.

Sha'awar tana da haɗarinta. Kamfanin na nanata cewa a tsaya aƙalla ƙafa 25 daga dogo, kusan mita 8, domin jirgin ya fi layinsa faɗi kuma ba ya tsayawa nan take. A Yulin 2018, a jihar Colorado, 844 ya buge wata mata da ta matso dogo tana ɗaukar hoto, ta rasu. Babu hoton da ya kai ran mutum.

Tun daga 2019 jirgin ya zaga jihohi da dama, kuma ya nuna ba na ado ba ne kawai. A Yunin 2023, kusa da garin Blair a jihar Nebraska, wani jirgin kaya ya maƙale a kan hawa, 4014 ya zo ta baya ya tura shi har ya haye. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ya rage a wajenmu

Darasin wannan tarihi a fili yake. Big Boy guda 8 suka tsira, amma ɗaya ne ke tafiya, kuma abin da ya tayar da shi mutane ne: 'yan sa-kai da suka hana shi ruɓewa, ma'ajiyar da ta adana zanensa, da tawagar da ba ta bari sana'ar ta mutu ba. Yaron da ya ga kan jirgi a bayan shinge ya ga ƙarfe. Wanda ya tsaya ya ji ƙasa na rawa ya fahimci irin ƙarfin da ya gina ƙasarsa da irin gumin da aka zuba. Gani ya kori ji.

Mu ma muna da namu tarihin tururi. A 1911 jirgi ya iso Kano daga Baro, kuma shi ya kwashe gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku, da kwal ɗin Inugu a murhunsa. Layi ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos don jigilar kuza ya yi aiki har 1957, kuma ragowar jiragensa na ajiye a Jos kusa da gidan tarihi. A Ebute Metta ta Legas, ƙungiyar Legacy 1995 na kula da ɗan gidan tarihin reluwe a gidan Jaekel. Garuruwa irin su Kafanchan da Minna da Kaduna da Zariya, jirgi ne ya tara musu jama'a daga ko'ina.

Dizal ya fara shigo mana a tsakiyar shekarun 1950, kuma waɗanda suka tuƙa jirgin kwal ko suka hura masa wuta yanzu dattawa ne ƙwarai, kullum raguwa suke yi. Kira a nan ga malaman tarihi na jami'o'inmu, da gidajen rediyo, da 'ya'ya da jikokin tsofaffin ma'aikatan reluwe: a je a zauna da su, a naɗi muryarsu, a ɗauki hoton takardunsu da kayan aikinsu. Hukumomi da masu hali kuma su yi wa ƙarafan da suka rage rumfa da fenti, a hana su faɗawa hannun masu sayen tsohon ƙarfe. Wannan ba ya buƙatar miliyoyin daloli, kuma aiki ne da ya kamata a fara tun masu labarin suna raye.